Yadda Amarya Mai Dogon Gashi Za Ta Yi Nannaɗin Da Zai Kai Ta Har Ɗakinta

Daga bayan ƙaramar salla zuwa tsakiyar hunturu, da wuya mako ya wuce ban taɓa kan amarya ba, kuma kukan da na fi ji daga masu dogon gashi mai santsi guda ɗaya ne. An zauna awa 3 ana nannaɗe kai, an yi feshi har ana tari, amma kafin a kira la'asar gashin ya sauka ya miƙe sumul kamar ba a taɓa shi ba. A nan Sakkwato kuwa irin wannan gashi ba baƙo ba ne. Gidaje da yawa akwai jinin Fulani, sai ki ga yarinya ta tsefe kai gashi ya zubo har gadon baya, ga laushi ga sulɓi. Wasu kuma rilaksa ce ta miƙar musu da shi. Ko wanne ne naki, ciwon ɗaya ne: santsin da ake yabo shi ke hana nannaɗi kamawa, tsawon da ake sha'awa kuma nauyi ne da ke janyo shi ƙasa.

Abin da 'yan shago ke kira koyil shi nake nufi da nannaɗi. Kafin ki sayi ko da fil ɗaya, ki fahimci abin da ke faruwa a cikin silin gashi, domin duk sauran bayanina a kansa ya doru. Gashi an gina shi da wani sinadari mai suna keratin, kuma ɗauri iri biyu ne ke riƙe da siffarsa. Akwai mai ƙarfi, wanda ba ya kwancewa sai da magani irin rilaksa. Akwai mai rauni, wanda ruwa ke kwance shi, zafi ma ya kwance shi, sannan ya sake ƙulluwa a duk siffar da ya tarar da kansa lokacin da gashin ya bushe ko ya huce. Da wannan na biyun muke aiki. Ki tuna malmalar tuwo: da zafinsa ake mulmula shi, amma sai ya huce yake tsayawa da siffarsa. Wadda ta zare ƙarfen zafi da ake nannaɗa gashi da shi ta saki gashi yana da zafi ya rataya, ta bar shi ya huce a miƙe ke nan. Wadda ta warware robar da aka naɗa gashi a jikinta da sauran ɗanshi a ciki, ita ma ta bar shi ya ƙarasa bushewa a miƙe. Kusan duk nannaɗin da na ga ya mutu da wuri, ɗaya daga cikin waɗannan biyun ne ya kashe shi.

Ki fara da tsarin bikin

Bikinmu cike yake da ruwa da tururi. Ga dilka da halawa, ga turaren tsuguno da ke sa zufa ta keto tun daga tsakar ka, ga ƙunshi, ga wankan amarya, kowane gida da yadda yake jera su. Ki zauna da yayarki ko babbar ƙawarki ku rubuta ranaku, sannan ki tambayi kanki yaushe ne ainihin lokacin da za a ga gashin nan. Yawancin bikin kanki a rufe yake. Ko dai wunin kamu ne cikin 'yan'uwa mata, ko hoton cikin ɗaki, ko kuma daren da za a kai ki, wanda shi ne yawancin amare ke nufi ko da kunya ta hana su faɗa. Nannaɗi mai kyau yana iya kwana 2 zuwa 3 idan an kula da shi, don haka ki zaɓi lokaci guda ki sa shi a tsakiya, duk wani abu mai jiƙa kai ko sa gumi ya zo kafinsa.

Inda ake samun cikas shi ne wankan amarya, domin a gidaje da yawa dab da fita ake yin sa, kuma tsofaffi ne ke da iko da shi. Kada ki bari sai an ɗora ruwa sannan ki fara magana. Tun kwana biyu kafin nan ki sami wadda za ta yi miki wankan ki ce, "Gwaggo, don Allah in an zo wanka a bar mini kaina, an riga an gyara shi." Ki tanadi hular wanka ta leda mai roba a baki. Ban taɓa ganin wadda aka roƙa da ladabi ta ƙi ba.

Makonni 2 zuwa 3 kafin biki

Ki yi gwaji. Ba na karɓar amarya mai irin wannan gashi ba tare da mun gwada ba, ko da rabin kai ne. Ki yi shi da kayan da za ki yi amfani da su ranar, ki ɗaura ɗankwali, ki yi aikinki na gida, ki lura awa nawa ya yi kafin ya fara sauka. Idan ya mutu cikin awa 3, kin san ki rage kaurin roba ko ki ƙara lokacin bushewa, kuma kina da sauran kwanakin gyarawa.

A wannan lokacin ne kuma za a datse bakin gashi. Na san yadda muke jin zafin almakashi, amma bakin da ya tsattsage ba ya naɗuwa, tsaye yake yi kamar tsintsiya a ƙarshen kowane nannaɗi. Santimita 1 ko 2 sun isa, gashi kuwa yana tsiro kusan santimita 1 a wata. Idan kin yarda a ɗan rage tsawon na sama da na gefen fuska ya zama hawa-hawa, nauyi zai ragu ƙwarai, nannaɗin ya samu damar tashi.

Mai sa rilaksa ta sa ta aƙalla mako 2 kafin biki. Gashin da aka yi wa rilaksa jiya lanƙwam yake, fatar kai kuma tana iya yin ƙuna. Akwai kuma gargaɗin da nake so ki riƙe da kyau. Wata za ta iya ba ki shawarar maganin nannaɗi na dindindin, wanda ake kira pam, wai ki huta gaba ɗaya. Idan akwai rilaksa a kanki, ko ta bara ce matuƙar gashin da ta taɓa yana nan, kada ki yarda. Yawancin rilaksar da ke kasuwa ta dangin hydroxide ce, ta riga ta canja wancan ɗauri mai ƙarfi ta yadda ba ya sake ƙulluwa, maganin pam kuwa na dangin thioglycolate ne. Haɗuwarsu a gashi ɗaya karyewa take kawowa, a wasu lokutan ma gashin ya guntule a hannu. Ko mai gashin da bai taɓa ganin magani ba, ba na son ta fara gwada pam ana saura kwanaki biki.

Kayan da za ki nema ba su da yawa: shamfu mai wanke maiƙo sosai, kumfar gashi ko ruwan setin (waɗanda ake shafawa don nannaɗi ya kama), maganin kare gashi daga zafi idan da ƙarfe za ki yi, feshin riƙe gashi, ɗan ƙaramin kwalban siram (ruwan sa gashi sheƙi da ake ɗigawa kaɗan), filoli masu yawa, ragar kai, da hular satin. Ana samun su a Babbar Kasuwa da shagunan kayan kwalliya na cikin gari. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma guji gwangwanin feshin da ya sha rana a kan tebur.

Wankin kai, da maganar mai

Ki wanke kai kwana ɗaya kafin a nannaɗe idan da ƙarfe za a yi, ko a yammacin ranar idan roba za a sa. Shamfu sau 2, ki cuɗa fatar kai da tafin yatsu har sai kin ji silin yana ɗan ƙara a hannu. Kwandishana kaɗan, daga tsakiyar gashi zuwa baki kawai, ki ɗauraye ta tas. Sitimin da sauran kayan sa laushi, a yi su mako guda kafin nan.

Daga wannan wankin har a gama biki, babu man shanu, babu man kaɗe, babu man kwakwa, babu basilin, babu karkar. Ina nanata wannan saboda abin da ya faru a bikin ƙanwata a Mabera. Na wanke mata kai da yamma na tafi gida, da safe na dawo na tarar da gashin yana ƙyalli yana ƙamshin man shanu. Ashe cikin dare Gwaggonmu ta zaunar da ita ta shafe kan tas. Da na yi magana sai ta ce, "Haba ɗiyata, ƙaƙa za a kai amarya ɗaki da kai ƙeƙasasshe? Mu haka anka yi muna." Gaskiyarta ne, ƙauna ce ta sa ta, kuma man shanu abin kirki ne ga gashi. Sai dai mai yana lulluɓe sili ya ƙara masa nauyi da santsi, ruwan setin ya kasa kama shi, idan kuma aka ɗora ƙarfe a kai soya gashin ake yi. Dole muka sake wanki, muka yi asarar awa 2 a safiyar ɗaurin aure. Tun daga ranar nake gaya wa iyayen amarya da bakina, ba na barin saƙo.

Hanyar roba, wadda na fi so

Ga dogon gashi mai santsi ban ga abin da ya kai nannaɗin da aka yi da ɗanshi aka bari ya bushe a jikin roba ba. Ya fi na ƙarfe daɗewa, ba ya ƙona gashi, kuma in ba da damina ba, ba ruwansa da ko akwai wuta ko babu. Robobin da nake nufi su ne dogayen nan masu laushi da waya a ciki, waɗanda ake lanƙwasa bakinsu su tsaya. Ki zaɓi waɗanda ba su wuce kaurin babban yatsanki ba. Ka'idar ita ce kullum ki ɗauki wadda ta fi nannaɗin da kike so sirantaka, domin nauyin gashi zai buɗe shi da kansa. Cikakken kai mai tsawo yana cin roba 30 zuwa 40, gara su yi saura da su gaza.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i. Ki bar gashin ya sha iska tukuna har ya zama ɗanshi ne kawai a jikinsa, irin na wankin da ya kusa bushewa a igiya. Idan kika naɗe shi yana ɗiga, wallahi ko azahar ta yi cikinsa bai bushe ba. Ki raba kan gida huɗu da kibiya, ki kama kowanne da fil, ki fara daga ƙeya.

Ki ɗebi gashi kaɗan, faɗin yatsu biyu. Ki shafa masa kumfa ko ruwan setin daga tushe har baki, ki taje da ƙaramin mataji har ya kwanta ba ƙulli. Ruwan setin mai kauri ana sirka shi da ruwa, ki bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, domin idan ya yi yawa gashin zai bushe ƙamas yana zubar da farin gari. Bakin gashin shi ne wurin da ya fi son kulawa. Ki naɗe shi da 'yar takarda mai laushi, ko tishu ma ya yi, ki kwantar da shi sumul a jikin robar, ki bi ta kansa sau ɗaya don ya kamu. Bakin da ya tanƙware a nan haka zai fito kamar ƙugiya, kuma ba ya gyaruwa sai an sake jiƙa shi.

Daga nan ki riƙa naɗawa kina hawa jikin robar, kowane zagaye yana kwanciya kusa da na bayansa kamar yadda ake naɗa zare a jikin kara, kada ki tara su wuri ɗaya wani kan wani. Dalili biyu ne. Gashin da aka tara wuri ɗaya na cikinsa ba ya samun iska, sannan bakin zai fito a matse, na kusa da tushe kuma ya fito a buɗe. Ki ja shi ya yi tsauri daidai, idan kin kai tushe ki lanƙwasa bakin robar. In kin ji yana jan fatar kai, musamman a gefen goshi inda gashi ya fi rauni, ki sassauta. Na gefen fuska a naɗa su suna kallon baya, ta haka fuska ke buɗewa. Na baya kuma ki riƙa sauyawa, wannan dama wancan hagu, don kada su haɗe su zama dunƙule guda.

Idan an gama ki ɗaura raga, ki kwanta kusa da fanka. Barcin ba zai yi daɗi sosai ba, ki sa matashi a wuya ya ɗauke nauyin. A hunturu iskar garin nan a bushe take ƙwarai, daga isha'i zuwa asuba ya isa. A damina kuwa, musamman cikin Agusta, kada ki dogara da iska, ki nemi shiga diraya ta zama ta awa 1 zuwa 2, ko a bi kan da ta hannu. A nan ki lura da abu ɗaya: dirayar hannu tana jan wuta wat 1500 zuwa 2000, ƙaramin janaretan gida ba ya ɗaukarta. Ki tabbatar da inda za ki samu wuta tun kafin ranar.

Yadda za ki gane ya bushe: ki warware guda ɗaya daga inda gashi ya fi cika, wajen tsakar ka ko ƙeya, ki taɓa cikinsa ki kai shi kumatunki. Idan kin ji sanyi, akwai sauran ruwa, ko da ido ya nuna miki ya bushe. Ki mayar ki ƙara lokaci. Idan da diraya aka busar, a jira minti 20 robobin su huce kafin a taɓa ko ɗaya. Wadda ba ta samu roba ba, tsummokin atamfa da aka yayyanka faɗin yatsu biyu suna yin aikin, a naɗa a ƙulle bakinsu, sun ma fi daɗin kwanciya.

Hanyar ƙarfe

Idan lokaci ya ƙure, ko kina son manyan nannaɗi masu sheƙi, sai a koma ga tong, wato ƙarfen nannaɗi mai aiki da lantarki. Sharaɗin farko, gashi ya bushe ƙarau. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ƙarfen kuwa ya haura 150, don haka ruwan da ya rage cikin sili tafasa yake yi ya kumbura shi daga ciki, wurin ya zama mai saurin karyewa har abada. Duk lokacin da kika ji "cuu" ko kika ga tururi mai yawa, a dakata.

Ki nemi ƙarfe mai nuna lambar zafi. Gashi siriri ko mai rilaksa, digiri 150 zuwa 170 ya ishe shi. Mai matsakaicin kauri, 170 zuwa 185. Ko mai kaurin gaske kada a wuce 200. Ƙara zafi ba ya ƙara wa nannaɗi kwana, gashin kawai yake cinyewa. Ƙarfen da ake ɗorawa a kan gawayi ko risho ba na kusantar kan amarya da shi, tunda ba mai iya faɗin zafinsa. Kaurin ƙarfen kuma, mai milimita 25 shi ne daidai ga dogon gashi, mai 19 idan gashin ya cika taurin kai. Masu 32 da 38 suna ba da kyau a hoto na minti goma, daga nan su sauka.

A fesa maganin kariya a duk kan, a bari ya bushe. A ɗebi faɗin yatsu biyu, a ɗan yi masa feshin riƙewa sama-sama, a taje. A fara naɗawa daga kusa da tushe a gangaro zuwa baki, domin na kusa da tushe shi ke ɗauke da nauyin sauran, shi ya fi bukatar zafi, bakin kuwa tsoho ne mai rauni, ɗan kaɗan ya ishe shi. A ƙirga daƙiƙa 8 zuwa 10.

Yanzu ga matakin da ake tsallakewa, wanda kuma shi ne dukan aikin. Idan an zare ƙarfen, a tare nannaɗin a tafin hannu kada ya rataya. A naɗe shi a yatsu biyu yadda ya fito, a kwantar da shi a fatar kai kamar zobe, a kama da fil. Haka za a bi kan duka har ya cika da zobba. Mafi ƙarancin jira minti 30 ne, amma ni na fi son a yi gashi da farko, a bar shi a kame, mai kwalliya ta yi aikinta, a sa kaya, sannan a saki a ƙarshe. Mai yi ta sa safar hannu, a kuma kare kunne da mataji. Idan tsautsayi ya sa an ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki ko ƙanƙara.

Saki, feshi da turare

Ki ɗiga siram ɗigo 2 a tafin hannu ki murtsuke har ya kusa ɓacewa, sannan ki fara cire filoli ko robobi daga ƙeya. Roba juya ta ake yi a hankali ta fita, ba a fizgarta. Da farko za ki ga nannaɗin ya matse ya ɗage sama, tsawon gashin ya ragu sosai. Kada hankalinki ya tashi, kuma kada ki ɗauki mataji. Cikin awa 1 ko 2 zai sauko daidai inda kike so. Wanda ya yi daidai tun a madubi shi ne wanda ba ya kai yamma. Idan kina son ya cika, ki raba kowane nannaɗi gida biyu da yatsa, ki murɗa kowanne ta inda ya nufa, ki sa yatsu a tushe ki ɗan ɗaga.

Feshi daga nesa ake yi, kamar santimita 30, tsawon rular 'yan makaranta. Ki fesa sama-sama, ki jira ya bushe, ki ƙara sau ɗaya. Idan aka matso kusa aka jiƙa gashin da shi, an mayar da ruwan da aka sha wahalar korewa, ga nauyi.

Sai maganar da ta shafi rai. Feshin gashi yana kama wuta, ɗakin amarya kuwa ba ya rabuwa da kaskon turare. Kada a fesa a ɗakin da garwashi yake, kada kuma a sunkuyar da kan da aka yi wa feshi a kan kasko. Idan kina son gashi ya kama ƙamshi, a turara shi tun yana busasshe kafin a fara nannaɗewa, ko a turara hula da mayafin da za ki sa, ƙamshin zai shiga da kansa. Humra da turaren fesawa a jiki da tufafi za su tsaya, ruwa ne da mai, duka biyun ba ma son su a kai.

Ƙarƙashin ɗauri

A nan muna da wata dama da ba kowa ya lura da ita ba. Tunda kanki a rufe zai wuni, babu dalilin sakin nannaɗin da safe. Ki bar shi a zobbansa, ko ki mayar da shi bayan an ɗauki hoto, ki kwantar da su da filoli masu faɗi, ki sa raga, ki ɗora hular satin, sannan a ɗaura gwaggwaro ko ɗankwali a kai. Duk awannin walima da gaishe-gaishe gashin yana nan yana ƙara kamuwa. Satin ɗin dole ne, domin atamfa da ashoke suna gogar gashi su tayar da shi. Ki gaya wa mai ɗauri kada ta matse tsakiya, ƙarfin ɗaurin ya tsaya a gewayen kai.

Alwala ba a wasa da ita saboda kwalliya. A mazhabar Malikiyya da muke bi kai duka ake shafawa, shi ya sa na ce a sa roba bayan isha'i a cire da asuba, don kada ta tsaya tsakanin hannu da gashi. Da rana kuma ki zame hula da raga, ki rage filolin da suka tare hanya, ki jiƙa hannu ki yi shafarki. Ɗanshin shafa ba ya kashe nannaɗi matuƙar ba ki ja shi ko kin taje ba. Ki ba shi minti kaɗan ya sha iska kafin ki mayar da hula, kada ki rufe shi da laima.

Zufa ita ce babbar abokiyar gaba a bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, gumi kuma daga tushe yake fara kashe nannaɗi. A yi aikin a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kafin a rufe kai a barbaɗa busasshen shamfu, wato mai tsotse maiƙo ba tare da ruwa ba, a tushe, in babu shi ɗan garin sitaci kaɗan a yatsa a goga a tsaga da ƙeya. Babbar ƙawa ta riƙe mafici da tishu, ta riƙa dangwala ƙeya da bayan kunne. Lokacin da ya fi tsanani shi ne na kai amarya: ga lulluɓi mai kauri, ga kuka, ga mota cike da gwaggwanni. Shi ya sa nake son gashin ya yi wannan tafiyar a kame cikin hula. Idan an isa, jama'a sun ragu, ƙawarki ta cire filolin ta gyara da yatsa, minti 10 sun isa. A hunturu matsalar daban ce, gashi na tashi yana manne wa mayafi saboda bushewar iska, ɗigon siram ɗaya a tafin hannu yana kwantar da shi, ƙura kuma hula ta tare ta. A damina ki duba jerin sinadaran abin da za ki shafa, idan glycerin na cikin na farko-farko ki ajiye shi, laimar iska yake jawowa cikin gashi.

Kwana da shi, da abin da ke biyo baya

Idan kina son ya kai gobe, ki sunkuyar da kai ki tattara gashin duka a tsakar ka, ki kama da ribom mai laushi zagaye ɗaya ba matsewa, ki sa hular satin. Da safe ki sake shi ki girgiza. Waɗanda suka mutu a gefen fuska, ki ɗan shafa musu kumfa, ki naɗe a roba 4 ko 5, kafin ki gama karyawa sun dawo.

Ranar da wanka ya wajaba kuwa, ruwa sai ya ratsa har tushen gashi, nannaɗin kuma zai tafi, babu dabarar da za ta hana. Kada ki taƙaita wankanki dominsa. Abin da za ki yi, ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi maimakon murza tawul, ki bar gashin ya sha iska har ya koma ɗanshi, ki shafa kumfa, ki kama manyan kalaba 4 zuwa 6, ki naɗe bakin kowace a roba ɗaya. Ki ɗaura ɗankwalinki a kan satin ki shiga hidimar baƙi. Zuwa la'asar, lokacin da dangin ango za su shigo buɗar kai, ki tsefe da yatsa, za ki samu lanƙwasa mai taushi tun daga kunne har baki, kuma wannan kina iya maimaita ta da hannunki duk ranar da kika so ba sai kin kira kowa ba.